Tarin Lauya da Ƴar Takarda Mai Layi-Layi

Litinin, ƙarfe goma na safe

Assalamu alaikum jama'ar duniya baki ɗaya, masu gashi da masu sanƙo, masu gemu da masu addu'ar ya fito, manya da yara, har da kai da ka tsinci littafin nan ka buɗe ba izini. Duk na gaishe ku. Mai magana shi ne Janar, mai shagon aski na bakin tasha, wanda in ya yi maka gyaran fuska ka koma gida sai matarka ta tambaye ka wa kake nema. Rubutuna sai haƙuri, aji huɗu na tsaya. Ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba, malaman ne suka kasa bina.

Littafin na ƴata ne, na lissafi, da sauran shafi. Lauya muke ce mata, shekararta sha ɗaya, tunda ta iya magana ba wanda ya taɓa kayar da ita a gardama. Yau sati biyu ba ta je makaranta ba. Asibiti sunce tarin fuka ne, sun ba ta magani na wata shida.

Ba wani abu bane. Ni ma bara na yi shi, ga ni nan kamar ƙarfen jirgi.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Kai uku na aske yau. Uku. Ni da mutane ke bin layi har kan dakalin mai shayi. Labari ya zaga kenan. To su je wajen wancan mai askin na tsallaken titi ya yi masu kai kamar an yi shara da tsohuwar tsintsiya.

Talata, ƙarfe goma sha ɗaya

Na manta ban rubuta ba. Ranar da aka ba Lauya magani, Sista mai cike takarda ta ɗago ta dube ni tace, "A gidan akwai wanda ya taɓa yin tarin nan?"

Nace ni ne, bara, a wani ƙaramin asibiti na karɓi magani.

Tace, "Ka shanye wata shidan?"

Matata na zaune a gefe. Gwamnati nake ce mata, dan in ta yanke hukunci ba ɗaukaka ƙara. Ita ce ma ta riga ni, tace, "Tas ya shanye, Sista. Kullum ni nake sa masa a aljihu ya tafi da shi shago."

Sista tace, "Haka ne, Malam?"

Nace, "Sista, dubi ƙirjin nan. Ya yi kama da na wanda ya bar saura?"

Ta yi dariya ta rubuta. Kowa ya yi dariya. Ni dama in na shiga wuri sai an yi dariya.

Laraba, bayan la'asar

Ina neman sabuwar reza na ja durowar ƙasa bisa kuskure. Na mayar da ita na rufe. Ba abin da nake nema a ciki.

Juma'a, ƙarfe tara na safe

An ware wa Lauya ɗakin gaba, taga a buɗe, kofinta daban, cokalinta daban. Na leƙa kafin in fito, tana zaune ta jingina da bango, ƙwayoyi a tafin hannu tana hararar su.

Nace, "Ranki ya daɗe Lauya, me suka yi miki? A kai su kotu?"

Tace, "Baba, fitsarina ya koma ja."

Nace, "Haka yake yi, maganin ne. Ni nawa har sai da na yi tunanin buɗe kamfanin lemo."

Ta fara dariya, tari ya ƙwace dariyar. Na tsaya a bakin ƙofa ina jira ya tsaya. Ya daɗe bai tsaya ba.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Sanƙo ya zo aski. Abokina ne, a ɗakin gwaji na babban asibiti yake aiki, su ne masu leƙa kakin mutane a inji. Askinsa minti biyu ne, sauran lokacin neman gashin nake yi. Shi kaɗai ne bai gudu ba, sai dai ya zo da takunkumi a hanci, ya miƙo min ɗaya.

Nace, "Sanƙo, akwai wani abokina, tambaya ya aiko ni. Wai mutum zai iya shan maganin tari, tarin ya ƙi jin maganin?"

Yace, "Sosai. Akwai mai taurin kai. Mu ma muke gano shi."

Nace da me, da duba?

Sai ya gyara zama, ka san ɗan boko in ya samu wanda zai koya wa. Yace ƙwayar cutar tana da rubutu a cikinta, wai di-en-e, kuma rubutun kamar zif ɗin wando yake, gefe biyu haƙora sun shiga juna. Su ciro shi daga kaki, su sa a inji ya yawaita, sannan su zuge zif ɗin ya rabu biyu. To akwai wata ƴar siririyar takarda, faɗinta bai fi tsinken ashana biyu ba, an manna mata guntayen rabin zif a jere, kowanne an san irin haƙoransa. Su ake ce wa furob. Sai a tsoma takardar a ruwan da ɗumi daidai. Duk inda haƙora suka dace sai su kama juna su manne. Sai a wanke. Wanda bai dace sosai ba, ko da haƙori ɗaya ne ya bambanta, ruwa ya tafi da shi. A zuba launi, duk inda aka manne layi ya fito.

Nace, "To ai wannan tela ya kamata a ba aikin, ba kai ba."

Yace, "Tsaya ka ji. In ƙwayar ta canza haƙori ɗaya a daidai wurin da magani yake kama ta, layin wurin ba zai fito ba. Wani lokaci ma wani layin daban ne zai fito a ƙasa. Muna gani mun san maganin nan ko buhu ka sha ba zai taɓa ta ba, sai a canza wani."

Nace, "Me ke sa ta canza?"

Yace, "Sau da yawa mutum ne zai fara magani, ya ji sauƙi, ya watsar a hanya. Masu rauni sun mutu, masu taurin kan sun rage, su cika ƙirji. In ya shafa wa wani, masu taurin kan zai shafa masa."

Na yanke shi a bayan kunne. Shekara goma sha tara ina aski ban taɓa fitar wa mutum jini ba. Nace rezar ce, kamfanin sun lalace.

Lahadi, da hantsi

Zif. Wai zif. Ƴan boko da ƙirƙira.

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana

Mun kai Lauya awo. Ta rage kilo ɗaya da rabi. Sista tace wasu yaran sai a hankali, a ci gaba da magani, a dage da abinci. Nace sikelin ne ya tsufa, ni ma ya rage min, alhali jiya ni kaɗai na ɗaga janareta. Ba wanda ya yi dariya sai wani tsoho a layi, shi ma ina ga tari ne.

Na zagaya ta bayan ɗakin gwaji na kira Sanƙo ta taga. Nace, "Takardar nan taku mai layi, an yi wa Lauya?"

Yace a'a. Takardun ba su da yawa, sai likita ya rubuta. Ana fara yi wa wanda ya taɓa shan magani, ko wanda yake gida ɗaya da wanda bai gama nasa ba. Sauran kuma sai an yi wata biyu an ga ba sauƙi. Yace, "A katin Lauya an rubuta uba ya gama ya warke. Dan haka layin jira take."

Nace, "Ba ka yi mata a ɓoye? Aski kyauta har ranar da gashinka zai dawo."

Yace, "Janar, ba wasa ba ne. Sai da takardar likita." Ya tsaya yana kallona ta saman gilashi. Yace, "Abokin nan naka, ka ce masa ya je ya ga Sista. Yau, ba gobe ba."

Nace abokin ya yi tafiya.

Talata, ƙarfe goma na safe

Wata biyu ai ba nisa. Sati takwas ne. An ma ci uku.

Talata, ƙarfe uku

Saura biyar.

Laraba, ƙarfe sha biyu

Bari in faɗi wani abu dan tarihi. Maganin nan ba kowa ke iya shi ba. Yana sa tashin zuciya, yana sa hannu rawa. Mai aski kuma hannunsa ne jarinsa. Akwai ranar da wani direba yace min, "Janar, yau hannunka kamar kana kaɗa shayi." A gaban mutane. Kuma ni jikina ba irin na kowa bane, wata biyu na ji ƙarfi ya dawo har ya yi yawa, ina cin kwano biyu, ina hawa bene da gudu. Wanda ya warke ai ya warke. Wa zai ce

An zo aski.

Alhamis, ƙarfe takwas na safe

Gwamnati tana wanki, ta ɗauko hankicin Lauya ta nuna min. Abin da na gani a jiki ba zan rubuta ba. Nace dasashi ne, yara suna yi.

Tace, "Baban Lauya, kai naka sati uku ka fara cin abinci kamar gara. Ita me ya sa?"

Nace jiki daban-daban ne.

Tace, "Ko ni ce ban iya ba ta ba? Ko lokacin nake kuskurewa?" Sai ta fara kuka tana matse hankicin. Matar da ko ranar haihuwa ba ta yi kuka ba.

Nace ina da kwastoma yana jira. Ba ni da kowa.

Juma'a, da yamma

Na share shago sau uku. Na goge madubi. Durowar ƙasa tana nan inda take.

Asabar, ƙarfe bakwai na safe

Lauya ta ƙi shan magani. Tace yana sa ta amai kuma ba ya yin komai, a kawo mata hujja ɗaya da za ta sa ta ci gaba. Uwar ta yi lallashi ta yi faɗa, ta gaji, tace in zo.

Na tsuguna a bakin ƙofa nace, "Haba Lauya, kotu ta ba da umarni."

Tace, "Baba, tsakani da Allah, kai ma haka ka sha wannan abin har wata shida? Kullum kullum?"

Gwamnati tace, "Kullum. Ko rana ɗaya bai tsallake ba."

Lauya ta dube ni. Idonta duk ya faɗa, sai girma. Tace, "To in Baba ya iya, ni ma zan iya. Ai na fi shi taurin kai." Ta watsa su a baki ta kora da ruwa, ta buɗe bakin ta nuna min babu saura.

Nace, "Shi ke nan, jaruma." Na fita. Ban san na kai shago ba sai da na ga makulli a hannuna.

Lahadi

Ban buɗe ba yau.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

An yi.

Ranar awo ce. Nace masu su yi gaba zan same su. Na biya shago na ja durowar ƙasa na ɗauko baƙar ledar. Ta fi yadda nake tunani nauyi. Na shiga ofishin Sista, Gwamnati na zaune, Lauya na waje a benci. Na shirya magana mai daɗi tun a hanya, har da ɗan barkwanci a farko. Ina shiga duk ta gudu. Na ɗora ledar a tebur kawai.

Sista ta buɗe. Ta zazzage. Fakiti-fakiti, ko ɓarewa ba a yi ba. Tace, "Na wa?"

Nace nawa ne, na bara.

Tace, "Wata nawa ka sha?"

Nace biyu da sati ɗaya.

Ba ta zage ni ba. Ta jawo katin Lauya ta soke layi ɗaya da biro, ta yi rubutu a sama, ta ɗauki waya ta kira Likita. Sannan ta miƙo min ƴar roba mai murfi tace, "Kai ma ka je waje ka kawo naka kakin. Tun yaushe kake tari?" Nace ni ba na tari, gyaran murya ne. Tace, "Je ka gyara muryar a cikin robar."

Gwamnati ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi. Ta ɗauki fakiti ɗaya tana juya shi, tace a hankali, "Wannan ni na rubuta masa Talata a jiki." Ta ajiye. Ta fita wajen ƴarta.

A mota ta zauna gaba, ni baya.

Talata, ƙarfe tara na safe

Sanƙo yace kwana biyu, in inji bai yi gardama ba. Sista tace in rufe shago, in kawo sunan duk wanda nake yi wa aski a kai a kai, za a neme su a duba su. Mutum talatin da ɗaya na tuna. Ka ga ko a nan ma na fi na tsallaken titi.

An ajiye min abinci a bakin ƙofa, a rufe. Ba a ce ga shi ba.

Laraba, ƙarfe sha ɗaya

Yanzu ƙila suna zuge zif ɗin. Yanzu ƙila an tsoma takardar. Allah ka sa haƙoran su dace. Allah ka sa duk layukan su fito, ko da za a ce ni na tona kaina a banza. Na yarda a yi min dariya shekara goma.

Laraba, ƙarfe huɗu

Ba a kira ba.

Laraba, ƙarfe biyar da rabi

Ba a kira ba. Lauya ta aiko uwarta ta tambaye ni wai me ya sa ban leƙo ba yau. Uwar ta faɗi saƙon tana kallon bango. Ban sani ba ko an gaya wa Lauya abin da na yi.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

An kira.

Likita ya ajiye farar takarda a tebur, an manna ƴan siraran takardu biyu a kai da salatif, kusa da juna. Ƙanana ne ƙwarai. Ni da nake zaton wani babban abu zan gani. Layi-layi ne masu duhu, kamar taje. Ya nuna ta Lauya da bakin biro yace, "Nan ya kamata a ga layi, babu. Ga wannan kuma a ƙasa, bai kamata ya fito ba, ya fito. Can ma haka. Magunguna biyu mafi ƙarfi a cikin waɗanda take sha, ƙwayar ba ta jin su." Ya matsar da biro zuwa ta biyun. "Wannan taka ce."

Ko ni da aji huɗu na gani. Wuri ɗaya babu, wuri ɗaya akwai. Kamar aski ɗaya na yi wa kai biyu.

Nace, "Likita, ni na yi mata kenan."

Yace takardar ba ta faɗin wa ya yi, tana faɗin me zai yi aiki ne. Wai yana yiwuwa ma tun farko mai taurin kan na ɗauka. Mutumin kirki ne, yana so ya ba ni wurin tsayawa. Yace akwai wani maganin, ya fi tsawo, ya fi wuya, amma ana warkewa, kuma gara yau da bayan sati huɗu. Gwamnati ta tambaye shi, "Da tun ranar farko aka yi gwajin fa?" Yace, "Hajiya, mu fara daga yau."

An kwantar da Lauya a ɓangaren yara. Ni an kawo ni wani gini can baya, ɓangaren maza, sai ƙwayar ta daina fita a kaki za a sake ni.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Mu shida ne a ɗakin, tagogi duk a buɗe. A nan ba a sa wa mutum magani a aljihu. Wata nas ce mai fuskar alƙali take tsayawa a kanka sai ka haɗiye, ka buɗe baki, ka ɗaga harshe. Na ce mata, "Sista, ni Janar ne fa." Tace, "Janar, ɗaga harshe."

Maƙwabcin gadona gemunsa ya yi kamar an jefar da gona. Hannuna har ƙaiƙayi yake.

Litinin, ƙarfe sha biyu

Na kira Gwamnati sau huɗu. Wayar tana shiga, ba a ɗauka. Sanƙo ya leƙo ta taga yace an fara wa Lauya sabon magani, ta yi amai ranar farko, jiya ta ci rabin burodi. Nace ta tambaye ni? Yace shi ɗakin gwaji yake, ba gidan waya ba. Amma bai kalle ni ba da ya faɗa.

Daga tagar nan ana hango rufin ɓangaren yara. Rufin kawai.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Shafi ya ƙare, wannan ne na ƙarshe, bayansa sai jadawalin sau. Zan ba Sista ta miƙa littafin can ɓangaren.

Jama'ar duniya ku yi haƙuri ku ɗan matsa, da mutum ɗaya zan yi magana. Maman Lauya, na san ke za ki karanta. Ban ce ki ɗauki waya ba, ban ce ki yafe ba, abinci ma na nan ana ba mu. In Lauya ta tambaya ki gaya mata gaskiya, ki ce ubanta bai shanye ba, kar ta yi koyi da shi, ta riga shi gamawa ta zo ta yi masa gori.

Abu ɗaya nake roƙo. In ta yi barcin rana, ki kara wayar kusa da ita ki ɗauko min numfashinta, ko na minti ɗaya ne, ki turo. Ba sai kin ce komai a ciki ba. So nake in ji da kunnena ko ya fara sauka.